Daga ina nauyin sautin Master of Reality ya fito?

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa kundin waƙoƙin Master of Reality na ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, wanda ya fito a 1971, ya fi na zamaninsa nauyin sauti, da yadda za ka samu irinsa a jitarka.

Asalin abin rauni ne. Tony Iommi, makaɗin jitar ƙungiyar, bahago ne, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, hannun da yake danna tsirkiya da shi. Don rage zafi ya sassauta tsirkiyoyin, ya sauko da sautinsu daga matakin E da aka saba zuwa C# a waƙoƙi irin su "Children of the Grave" da "Into the Void". Geezer Butler, abokin kiɗansa a ƙungiyar, shi ma ya sauke tasa jitar bes, sautin ya yi kauri, ya yi duhu. Kan wannan turbar ƙungiyoyi irin su Sleep da Kyuss da Electric Wizard suka taso.

Saitin tsirkiyoyin, daga mai kauri zuwa siririya: C#, F#, B, E, G#, C#. In tsirkiyarka 9-42 ce (lambar kaurinta ke nan, wannan siririya ce), za ta yi laƙo-laƙo, tana ƙarar zuzu a kan ƙarafan wuyan jitar, sautin kuma ya kauce da zarar ka danna da ƙarfi. Sa 11-52 mai ƙarin kauri, sannan ka sassauta ƙarfen cikin wuyan da kwatan juyi kawai in zuzun bai daina ba. Kada ka cika murɗa distoshan, wato makunnin da ke sa sautin jita ya yi kaushi. A ganina nan mutane ke ɓata shi, domin yana cinye kaurin nan.