Amsa ga mai son sauke Mustang ɗinsa ta 2012: wane sifirin ya dace?

Malam, ka ce motarka Mustang GT ce ta 2012, ratar da ke tsakanin taya da bodi ta yi maka yawa, musamman a baya, kana tambaya ko ka sayi Pro-Kit ko Sportline, wato sifirin biyu na kamfanin Eibach masu rage tsayin mota, kuma ko shokozoban da ta zo da su za su ɗauka.

Ka ɗauki Pro-Kit, ko wani sifirin da saukarsa ba ta wuce inci 1 zuwa 1.5 ba, kamar na Steeda ko na Ford Performance. Sportline yana kai bayan motar kusa da inci 2. A hoto yana da kyau, amma a titin da ke da tudun rage gudu da ramuka, leɓen bamba da bututun salansa su ne za su riƙa shan ƙasa. Ka tabbata kuma kayan na GT ne mai injin V8 lita 5.0, domin na V6 daban ne, gabanta bai kai wannan nauyi ba.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne bayan motar. Mustang daga 2005 zuwa 2014 aksul guda ne a baya, sanda ɗaya mai suna Panhard ce ke riƙe shi a tsakiya, gefe ɗaya a jikin bodi, ɗayan a jikin aksul. Da zarar bodi ya sauka, kusurwar sandar ta canja, sai ta ture aksul ɗin gefe guda. Tsaya a bayan motar ka duba: taya ɗaya ta leƙo waje, ɗayar ta shige ciki. Maganinsa Panhard mai zare wadda ake ƙara mata tsawo ko a rage, BMR da Steeda duk suna yi. Bakanike zai rataya zare mai nauyi daga leɓen bodi a kowane gefe, ya auna zuwa taya, ya yi ta juya sandar har lambobin biyu su zo ɗaya. Kada ka bari a ce maka sai daga baya, a sa ta rana ɗaya da sifirin.

In ka wuce inci 1.5, sai wata matsalar ta biyo. Kusurwar da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya, ke haɗuwa da aksul tana karkacewa, ka fara jin rawa a ƙasan kujera idan ka taka mai, hannayen ƙasa na baya, wato ƙarafan da ke haɗa aksul da bodi, kuma su daina kwanciya daidai, taya ta riƙa tsalle wajen tashi. Gyaran yana buƙatar hannun sama mai daidaituwa da ƙarafan sauke hannayen ƙasa. Kuɗin da ka yi zaton na sifirin ne kawai ya ninka ke nan.

Batun shokozoba kuwa, gaskiya ba na ba ka shawarar barin tsofaffin. Mota ce da ta haura shekara 10, kuma an ƙera su ne don sifirin mai laushi da doguwar tafiya. Gajeren sifirin ya fi tauri, tsohon shokozoba ba ya iya tsayar da shi, sai motar ta riƙa lilo bayan kowane tudu, mai ya fara tsattsafowa a jikinsa. Koni Sport ko Bilstein sun dace. Aikin kwancewa ɗaya ne, biyan bakanike sau biyu asara ce. Wajen oda ka kula, kan shokozoban gaba na 2011 zuwa 2014 ba ɗaya ba ne da na 2005 zuwa 2010, dole mazaunin sama ya dace da wanda ka saya. Robar da ke tare shokozoba idan ya matsu ya kai ƙarshe ma, a sa gajeriya in ta zo cikin kwali.

Kafin a taɓa komai, a auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi a kusurwa huɗu, a rubuta. Sifirin gaba a matse yake a jikin shokozoba, sai da na'urar matse shi ake kwance notin sama. Don Allah kada a yi dabarar igiya ko waya, yana iya kuɓucewa ya karya mutum. Kada kuma kowa ya yanka na asali ko ya gasa shi da wuta, ƙarfen yana mutuwa. Notunan da ke ratsa bushin roba, a ɗaure su ƙarshe bayan motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Ka yi kamar mako guda kana hawa sifirin ya zauna, ka sake awo, sannan a yi alaimen. Saman tayoyin gaba zai ɗan karkata ciki, kuma motar ba ta zo da wurin gyara wannan ba. In karkatar ta wuce digiri 1.5, ka sa kusoshi ko farantan daidaita ta, domin cikin taya ne zai cinye alhali waje yana nan kamar sabo.