Taimus, kaluluwa, da ɗan garin da ake cin gari da shi

Wata ɗaliba mai karatun likita a Shika, kusa da Zariya, ta rubuto mini: "Malam, an tura mu yi wa mata bayanin garkuwar jiki da Hausa. Na ce farin jini ke yaƙar cuta, sai wata dattijuwa ta kwashe da dariya. Ina na kuskure? Kuma me zan kira taimus? Ina son in gaya musu cewa ƙwayoyin garkuwa kan koma can idan cuta ta shiga jiki."

'Yata, dattijuwar nan ta fi ki gaskiya. Mai farin jini shi ne wanda kowa ke so, irin mai ƙosan da yara ke yi wa layi tun kafin manta ya yi zafi. Kishiyarsa baƙin jini. Abin da kike nufi fararen ƙwayoyin jini ne, wato sifar ta hau kan ƙwayoyin, jinin kuwa yana nan ja.

Batun taimus, don Allah kada ki ce maƙoƙo, domin na sha jin ana haɗa su. Maƙoƙo kumburin wata tsoka ce ta gaban wuya, kuma ƙarancin sinadarin aidin ne ya fi kawo shi. Taimus kuwa yana bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, tsakanin huhu biyu, kuma tsagi biyu ne. Yana kai giram 30 zuwa 40 wajen lokacin balaga, daga nan ya riƙa motsewa, kitse na cin wurinsa. Ki je wurin mahauta a kasuwar Sabon Gari ran da aka yanka ɗan maraƙi, ki dubi gindin wuya zuwa ƙirji. Za ki ga wani nama fari-fari mai laushi, yana nutsewa in kin danna da yatsa. A jikin tsohon sa, kusan kitse kawai za ki tarar.

Likitoci sun daɗe suna ganinsa ba su san aikinsa ba, sai a 1961 da Jacques Miller ya cire shi daga jikin jariran ɓeraye a Ingila. Ɓerayen suka tashi ba ƙarfin jure cuta, har in an dasa musu fatar wani ɓera jikinsu ba ya ƙin ta.

A rubutu ki bar shi taimus, amma a gaban mata ni tsangayar garkuwa zan ce, kuma da hujjata. A cikin ɓargon ƙashi ake haifar 'yan ƙwayoyin garkuwar nan. Su bi jini har ƙirji, wasu sinadarai da taimus ke fitarwa na yi musu jagora, kamar yadda ƙamshin suya ke kai baƙo bakin tukuba. Karatunsu guda ne: rarrabe ɗan gida da baƙo. Wadda ba ta gane komai ba ta mutu, wadda ta tasar wa jikin mai ita da faɗa a kashe ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 a nan suke ƙarewa. Waɗanda suka yi sauka su ake kira ƙwayoyin T, daga harafin farko na sunan tsangayar. Duk macen da ta taɓa haɗa wa ɗanta allo da akushi za ta gane wannan tun ba ki rufe baki ba.

Kalmarki ta "koma" daidai ce, domin ba ya komawa sai wanda ya taɓa zama. Ki dai lura da inda kika tsaya: in daga jini kike magana, sun koma, in kin sa kanki cikin taimus, sun komo. Wasalin "o" na ƙarshe shi ke jawo aiki wajen mai magana, kamar a kai da kawo, fita da fito.

Wani tela daga Tudun Wada ya ce ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya yi ruwa, sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Yana tambaya ko kaluluwa da kumburi abu ɗaya ne.

Malam, kowace kaluluwa kumburi ce, amma ba kowane kumburi ne kaluluwa ba. Ita sai a matsematsi, ko hammata, ko wuya, kuma yawanci ciwon da ya tashe ta yana wani wuri dabam. A waɗannan wurare akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda ƙwayoyin da suka yi sauka ke taruwa su hayayyafa in labarin baƙo ya iso. Taimus kuwa akasin haka yake yi: ciwo mai tsanani kamar ƙyanda, ko tamowa a jikin yaro, sa shi motsewa suke yi. In kaluluwar ta ƙi sacewa bayan mikin ya warke, ko ta yi tauri ba zafi, ka je asibiti.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin firamare a Samaru: mene ne ma'anar "da ɗan gari akan ci gari"?

"Ci" a nan na yaƙi ne, irin na cin nasara. Ka tsaya a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ka dubi kaurin abin da ya rage na ganuwar Zazzau. Maharin da bai san wace ƙofa ce mai rauni ba, bai san lokacin da mai gadi ke gyangyaɗi ba, sai ya ƙare kibansa a jikin ƙasa. Wanda ya san lungu shi ke buɗe masa. Shi ya sa ake faɗin karin maganar in an yi sata da hannun na gida, ana kuma faɗinta da alheri, in baƙo na neman mai yi masa iso.

Na ajiye ta ƙarshe ne domin ɗalibarmu ta Shika, don ta fi kowane dogon bayani dacewa da abin da take son faɗa. Taimus na da nasa shingen da ke hana abin da ke yawo cikin jini kutsawa barkatai. Amma akwai wasu ƙwayoyi masu rassa, 'yan leƙen asirin jiki, da aka saba buɗe wa ƙofa, domin sukan kawo samfurin abin da suka tsinto a sassan jiki. A gwajin ɓerayen da aka sa wa ƙwayar tarin fuka da danginta, an ga cutar ta kafu cikin taimus, kuma ana kyautata zaton a jikin irin waɗannan 'yan gida take shiga. Sai tsofaffin ƙwayoyin T su komo daga fagen fama don kare tsangayarsu, sinadaran kira na jawo su. Ɓarnar ita ce sababbin almajirai sun buɗe ido sun tarar da baƙon zaune a zaure, sai su haddace shi cikin 'yan gida. Ran da suka fita suka gamu da shi a huhu, ba sa ɗaga masa hannu.