Me ya sa jirgina mara inji ke lilo idan ana jansa zuwa sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sha'awar ƙera ƙananan jirage ne masu tashi da rimot. Na ƙera wani mara inji da farin soso mai tauri, faɗin fukafukansa mita 2, kuma idan na cilla shi daga kan tudu yana sauka lafiya lau. Na ga bidiyon Turawa suna jan irinsa zuwa sama da wani jirgin mai inji, sai ni da abokina muka ce bari mu gwada. Muka ɗaure igiya mai tsawon mita 6 a wutsiyar jirginsa mai inji, ɗaya bakin kuma a ƙugiyar da ke ƙarƙashin cikin nawa. Suna tashi nawa ya yi tsalle ya haye saman nasa, ya shiga lilo dama da hagu, kafin mu ankara duka biyun sun sha ƙasa. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, ka kuma ba abokin naka haƙuri, don a wannan haɗari shi aka fi zalunta. Tun daga kalmar "ɗaure" da ka yi amfani da ita na gane inda gizo ke saƙa. A wannan harka ba a ɗaure igiya. Maƙala ta ake yi a wani abu da zai sake ta nan take da zarar ka taɓa makunni a rimot ɗinka, kuma kowane jirgi da nasa masaki. Da kuna da shi, da lokacin da lilon ya fara ka saki, jirginka ya sauko a hankali yadda ya saba, na abokinka ya ci gaba da tafiyarsa, ku yi dariya ku sake gwadawa.

Haɗa masakin ba shi da wuya. Ka samu ɗan bututun ƙarfe ka dasa shi a tsakiyar hancin jirgin da gam mai haɗi biyu, bakinsa na kallon gaba. Sai ka huda shi ta gefe yadda waya mai ƙarfi za ta ratsa shi, sifok ɗin keke ma ya isa ga jirgi irin naka. Ɗaya bakin wayar yana haɗe da sarbo, ɗan injin nan da ke motsa leɓɓan fiffike, wato sassan bayan fiffike masu motsi sama da ƙasa da ake karkata jirgi da su. A bakin igiyar ja ana yin ɗan zobe, a cusa shi cikin bututun, waya ta ratsa ta riƙe shi. Ka taɓa makunni, sarbo ya janye waya, zobe ya fice. Abin da mutane ke yin sake da shi shi ne ƙarfin sarbon. A kan teburi, igiya a sake, kowane ƙaramin sarbo zai buɗe. Amma ranar da kake bukatarsa da gaske ita ce ranar da igiya ta ɗaure tamau, tana danne wayar a jikin bututu. Don haka ka gwada shi a ƙasa: wani ya riƙe jirgin, wani ya ja igiyar da ƙarfin da ya ninka nauyin jirgin, ka taɓa makunni. In ya yi gardama ko sau ɗaya cikin goma, ka canja sarbo. Makunnin kuma ya zama wanda yatsanka ke kansa tun daga tashi har saki, ba wanda sai ka sunkuyar da kai ka nema ba.

Tsallen da jirginka ya yi kuwa, ƙugiyar cikin ce ta jawo shi. Ƙugiyar ƙarƙashin ciki an yi ta ne don harba jirgi da roba ko da injin naɗe igiya daga ƙasa, inda ake so ya ɗaga hanci ya hau sama a miƙe kamar yadda ɗan yaro ke tashin leda da zare. To ka ga abin da aka gina ta don shi ta yi maka. Wanda jirgi zai ja, ta hanci ake jansa, yadda igiyar kanta za ta riƙa miƙar da shi ya bi bayan na gaba.

Da ya haye sama, sai ya ɗage wutsiyar jirgin abokinka, hancinsa ya kalli ƙasa. Kada ka ga kamar wannan matsalar 'yan wasa ce kawai, manyan jirage ma na fama da ita, har matuƙan jiragen ja sun rasa rayukansu ta haka. Su manyan a wutsiya suke da ƙugiya, amma akwai mutum zaune cikin jirgin baya yana kallon na gaba ido da ido, yana gyara matsayinsa kowane daƙiƙa. Kai kuma kana tsaye a ƙasa, daga nesa ba za ka iya tantance ko ka yi sama da mita ɗaya ko uku ba. Shi ya sa a ƙananan jirage ake sa masakin jirgin ja a gadon bayansa, daidai inda fiffike ya ƙare ta baya, kusa da cibiyar nauyinsa, wato inda nauyin gaba da na baya suka daidaita. A nan ko na baya ya yi ta fizga, ba ya samun damar juya na gaba yadda ya ga dama. Sai dai ku lura kada igiyar ta sarƙe a leɓen wutsiya.

Mita 6 ta yi gajarta ƙwarai. Jirginka yana cikin hargitsattsiyar iskar da farfela ke turowa baya, kuma ƙaramin kuskure nan da nan yake zama babban kusurwa. Ga jirage irin naku ku nemi mita 20, masu manyan jirage kan kai mita 30. Igiyar nailan da magina ke ja wajen daidaita bulo ta wadatar, tana ɗan miƙewa kamar roba, tana shanye fizga. Zoben bakinta ka yi shi da igiyar fatsa wadda ta fi ta rauni, domin in abu ya ɓaci ita ta tsinke maimakon fiffike. Ka kuma ɗaura ɗan jan ƙyalle kusa da bakin igiyar na wajenka. A can sama, shi ne zai nuna maka cewa da gaske igiyar ta fita. Na taɓa tsayawa ina murna na saki, na karkata jirgina zan tafi neman iska, ashe zobe na nan maƙale. Ihun mai jirgin ja ne ya fargar da ni.

Yanzu batun lilo, wanda shi ne ya fi ɗaure wa sababbi kai. Ba ka faɗa mini ko jirginka na da leɓɓan fiffike ba, amma yadda ka kwatanta ina zargin irin wanda fukafukansa suka ɗaga sama kamar harafin V ne, ana juya shi da leɓen wutsiya kaɗai. Irin wannan yana da daɗin koyo, amma a bayan igiya yana da taurin kai. Ana jansa da gudun da ya wuce wanda ya saba, ya ɗan kauce gefe, igiya ta fizgo hancinsa, siffar V ɗin ta mirgina shi ya zarce zuwa ɗaya gefen. Kai kuma ka kai masa gyara a makare, gyaran ya zo daidai lokacin da ya riga ya juyo, sai ka ƙara wa wuta fetur. Ana iya jansa idan mai ja ya rage gudu sosai, amma shawarata ka yanka masa leɓɓan fiffike. A lokacin ja aikinka ɗaya ne: fukafukai su zauna daidai, jirginka ya kasance sama kaɗan da na gaba. Ba kai ke juyawa ba, igiya ce ke juya ka. Ka rage yawan motsin leɓɓan a rimot, domin a wannan gudu taɓawa kaɗan tana yin aiki mai yawa. In lilo ya kai karo na uku yana ƙaruwa, ka daina kokawa da shi, ka saki.

Abokinka ma da nasa karatun. Ya ƙara wuta a hankali har igiya ta miƙe, sannan ya ba da ita sosai, ya hau sama da gudu ɗaya ba tare da ɗaga hanci da yawa ba. Kwana ya yi ta da faɗi. Idan ya yi matsattsiyar kwana, jirginka zai yanke ta ciki, igiya ta yi sako-sako, ka kusa cim masa, sannan ta miƙe da fizga ɗaya mai iya cire hanci. Ku tsaya kafaɗa da kafaɗa kuna magana: zan juya hagu, na rage wuta, na saki. Kuma jirginsa kada ya fi naka rashin nauyi. Ƙarfin inji kaɗai ba ya hana a yi wasa da jirgi mara nauyi kamar tsumma.

Bidiyon da ka gani, da wuya in ba daga Jamus ko maƙwabtanta ya fito ba, can abin ya fi kafuwa, suna kiransa F-Schlepp. Yana da tarihi. Bayan yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta takura wa Jamus kan jirage masu inji, matasansu suka koma tashi ba inji a tudun Wasserkuppe, inda aka fara gasa a 1920, kuma a ƙasar ce aka fara jan jirgi da jirgi a 1927. Kamfanin Alexander Schleicher da ke gindin tudun yana ƙera irin su ASK 21, mai faɗin fukafukai mita 17. Masu wannan sha'awa sukan kwaikwayi irinsa su rage shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ka ga mita 4 da kwata ke nan, ko ɗaya cikin uku ya haura mita 5 da rabi. Jirgi mai wannan girma ba ya cilluwa da hannu a fili mai shimfiɗa, dole a ja shi. Jiragen jan ma kwaikwayon na gaske ne, irin su Piper Pawnee ta Amurka da Wilga ta Folan, da injin fetur a gaba.

Akwai abin da zai ba ka dariya a nan. Fiffiken da yawa daga cikin waɗannan jirage soso ne a ciki, an lulluɓe shi da siririn fallen katako da bai wuce milimita 1 ba. Katakon kuwa obeche ne, wanda Jamusawa ke kira Abachi, shi ɗin dai da ake saro wa daga dazukan kudancin Najeriya da Gana da Kamaru, wanda kafintocinmu ke ɗauka katako mai araha. Na kawo maganar ne don fiffikenka. Soso zalla yana jure saukowa daga tudu, amma a gudun ja zai lanƙwashe ko ya murɗe, murɗewar kuma na haifar da nata lilon. Ka fere siririn obeche mai miƙaƙƙen zare ka nutsa shi a tsaye cikin fiffiken daga wannan baki zuwa wancan, a inda ya fi kauri. Bayan ka gama gyare-gyaren hanci ka sake auna cibiyar nauyi: ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu wajen kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakanin gaban fiffike da bayansa, kana aunawa daga gaba, hanci ya ɗan rinjaya kaɗan. In wutsiya ce ta rinjaya, ka ƙara dalma a hanci.

Tunda a Zariya kake, ka tuna akwai kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a garin, ɗalibai na shawagi ƙasa-ƙasa, don haka ka yi nesa da filinsu sosai. A ƙasashe da dama iyakar da aka sa wa irin waɗannan jirage mita 120 ce, a Najeriya kuma hukumar sufurin jiragen sama, wato NCAA, ce ke kula da izinin jirage marasa matuƙi, ka bincika da su kafin ka fara hawa sama da nisa. Lokacin hazon hunturu farin jirgi yakan ɓace wa ido da wuri, ka shafa wa ƙasan fiffike baƙin fenti ko ja.

Gwajin farko ku yi shi da sassafe kafin iska ta tashi, a fili mai laushi wanda ba dogon haki, ku fuskanci inda iska ke fitowa. In bakin fiffike ya taɓa ƙasa yayin gudu, ka saki nan take. Kada ku yi kwana ko ɗaya: ku tashi a miƙe, da kun kai tsayin bishiyar darbejiya ka saki, ka sauka a gabanka. Ku maimaita haka sau biyar ko shida kafin ku gwada kwanar farko. Ranar da kuka kai sama sosai, wajen hantsi, ka duba inda shirwa ko ungulu ke kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba, alamar a nan iska ke hawa sama tana ɗaga su, ka ce wa abokinka ya kai ka can kafin ka saki.