Shawarar Lauya: An tsare ɗana kan zargin luwaɗi, wai jefe shi za a yi?

Barista, barka da aiki. Ni uwa ce, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Ɗana ɗalibi ne ɗan shekara 23, suna haya da wani abokinsa a Samaru. Rigimar kuɗin haya ta haɗa su, sai abokin ya ɗauki wayarsa ya nuna wa samarin layin wasu saƙonni, ya ce wai ɗana ɗan luwaɗi ne. Suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka ce mu ba su naira dubu 300 ko su watsa a Facebook. Da ba mu samu ba, suka kai shi caji ofis. Yau kwana huɗu ke nan. An ce mu kawo kuɗin beli, an kuma ce in ya amsa laifinsa za a sassauta masa. Mahaifinsa ya rasu, baffansa ya ce babu ruwansa. Maƙwabta na ta cewa jefe shi za a yi. Ina mafita?

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Kafin komai, ki aika wa yaron nan saƙo yau ba gobe ba: kada ya amsa wani laifi, kada ya sa hannu a kowace takarda sai lauya na zaune kusa da shi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauyansa. Waccan magana ta "amsa a sassauta maka" ita ce igiyar da ake ɗaure mutane da ita a irin wannan shari'a, domin galibi babu wata hujja a hannun mai ƙara sai abin da wanda ake zargi ya furta da bakinsa.

Ba zan ɓoye miki nauyin dokar ba. Musulmin da ke Zariya dokoki uku ne ke kansa a wannan babi. Akwai Final Kod, wato kundin dokokin laifuka, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a sashe na 284. Jihar Kaduna ta sake rubuta tata a 2017, hukuncin kuwa ƙara tsauri ya yi. Akwai dokar tarayya ta hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga waɗanda suka ɗaura irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya shaida shi, ko ya shiga ƙungiyarsu, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Sai dokar laifuka ta shari'ar Musulunci, wadda Kaduna na cikin jihohi 12 da ke da ita, kuma a nan ne maganar jifa ta fito.

To amma ki lura da kyau. Dukkan ukun aiki suke hukuntawa. Babu wadda ta ce a ɗaure mutum saboda an ce wai haka yake, ko saboda tafiyarsa da muryarsa, ko saboda maƙwabci ya rantse ya sani. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna abin da aka yi, da wa, a ina, yaushe. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Dokar 2014 kuwa, bisa abin da kika rubuto, ban ga inda ta shafi ɗanki ba, tunda babu aure, babu ƙungiya, babu abin da aka yi a fili.

Maganar jifa ita ce ta hana ki barci, don haka bari in daɗe a kanta. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, ba a tsayar da haddin luwaɗi sai da ɗayan biyu: shaidu huɗu maza adilai da suka ga aikin da idonsu a lokaci guda, ko iƙirarin mutum da kansa, cikin hankalinsa, ba tare da tilas ba. Saƙon waya ba ya maye gurbin shaidu huɗu. Wanda ya yi iƙirari kuma yana da damar janye shi, haddi ya faɗi. Kina iya tuna shari'ar Amina Lawal a Katsina: an yanke mata jifa kan zina, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta soke hukuncin a 2003, kuma hana ta janye iƙirari na cikin dalilan. Tun da aka dawo da dokokin haddi a 2000 zuwa yau ba a taɓa zartar da jifa a kan kowa a Nijeriya ba, kuma ko an yanke sai an ƙare ɗaukaka ƙara gwamna ya sa hannu. Sai dai kada wannan ya sa ki saki jiki. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta Jihar Bauchi ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa, kuma da iƙirarinsu aka same su da laifi. Kin ga dalilin da ya sa na fara da bakin yaron.

Abin da samarin layin ba su sani ba, shari'ar da suke taƙama da ita tana da hukunci a kan mai zargi. Wanda ya jefi Musulmi da luwaɗi ya kasa kawo shaidu huɗu ya yi ƙazafi, haddinsa bulala 80. Dukan da suka yi laifi ne, ƙwace waya laifi ne, neman kuɗi da barazanar tona asiri laifi ne a Final Kod, sannan dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai yi wa wani barazana ta waya ko kwamfuta. Kada ki ba su ko sisi. Mai irin wannan sana'a in ya ɗanɗana sau ɗaya, gobe da ƙoƙon da ya fi girma zai dawo. Ki adana duk saƙon da suka turo da lambobinsu, a kai yaron asibiti da zarar ya fito a karɓi takardar likita kan raunukansa. Amma shawarata kada ku ruga kotu da ƙarar ƙazafi yanzu. A fara fito da shi, lauya ya ga abin da ke cikin wayar, sannan a auna ko takardar koke zuwa ga kwamandan yanki ko kwamishinan 'yan sanda za ta amfane ku. Wani lokaci ƙarar ramuwa ƙara watsa maganar take yi.

Game da wayar, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin hirar mutum, kuma lauya zai yi jayayya kan yadda aka samo saƙonnin da kuma ko an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011. Gaskiya dai alƙali na da ikon karɓar shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba in ya ga tana da nauyi, don haka ba zan ce miki an gama da ita ba. Kada kowa ya yi ƙoƙarin goge wani abu, wannan sabon laifi ne.

Kwana huɗu a tsare ya wuce ƙa'ida. Inda akwai kotu cikin nisan kilomita 40, awa 24 doka ta ba 'yan sanda, kuma Zariya ba ta rasa kotuna ba. Akwai togaciya ga laifin da hukuncinsa kisa ne, shi ya sa lauya zai fara da neman ganin ainihin abin da aka rubuta a kansa. Beli kyauta ne, kuma doka ba ta hana mace tsaya wa mutum ba, don haka janyewar baffansa ba ta rufe ƙofa ba. In an ƙi sakinsa kuma an ƙi kai shi kotu, lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotun Jiha da ke nan Zariya. In an riga an sa shi ya sa hannu da duka ko tsoratarwa, ya faɗa wa lauya dalla-dalla, domin sashe na 29 na dokar shaida ya hana karɓar irin wannan iƙirari, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da shi laifi a kan jami'in da ya yi.

Irin waɗannan shari'u sukan fara da ƙura su ƙare shiru. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a wani masauki a nan Zariya bisa zargin bikin auren jinsi. Sun musanta a gaban majistare, aka ba da belinsu. A Legas an gurfanar da mutum 47 da aka kama a 2018, Babbar Kotun Tarayya ta yi watsi da ƙarar a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidunsu. Abin da na fi jin tsoro a kan ɗanki unguwa ce. Binciken cibiyar Pew na 2013 ya nuna kashi 98 cikin 100 na 'yan Nijeriya ba su yarda al'umma ta karɓi wannan ɗabi'a ba, kuma inda ra'ayi ya yi ƙarfi haka, zargi kaɗai kan isa a taru a kan mutum. Kada ya koma ɗakin Samaru. A aika wani ya kwaso kayansa, shi kuma ya zauna wurin dangi a wani gari, yana zuwa kotu duk ranar da aka sa.

Wani zai ce miki ai a wasu ƙasashen Afirka ba laifi ba ne. Haka ne, Afirka ta Kudu ta halatta auren jinsi tun 2006, kotun Botsuwana ta soke dokar haramcin a 2019, yayin da Yuganda ta ƙara tsananta tata a 2023. Babu ɗaya daga ciki da alƙalin Zariya zai duba.

Abu ɗaya zai sauya duk abin da na faɗa: in akwai ƙaramin yaro a cikin maganar, ko an tilasta wa wani. Wannan fyaɗe ne, hukuncinsa daban, kuma wanda aka zalunta yana da haƙƙin da ba wanda zai danne. Ki bar lauya ya yi wa ɗanki wannan tambayar su biyu, domin abin da ya faɗa masa amana ce da doka ta kare. Abin da ya faɗa miki kuwa ana iya kiran ki kotu a tambaye ki.

In kuɗin lauya ya gagara, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofis a Kaduna, kuma ba sa karɓar kuɗi. Ki tafi da katin shaidarki, da katin makarantar yaron, da ranar da lokacin da aka kama shi, da sunan jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Ki kai masa abinci da tufafi da kanki gobe da safe, ya gan ki da idonsa.