Tambaya da Amsa: Tsakanin Yayi da Son Rai a Kicin da Kayan Ɗaki

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Anti. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, kuma yanzu ana cikin shirin kayan ɗaki. Mahaifina ya ware abin da zai iya, ya ce ni da yayyena mata mu zaɓa. Su sun dage sai an yi mini fararen kabad masu ƙyalli a kicin, da kujeru ruwan toka na karan-miski masu ƙafar gwal, domin su ake yayi. Ni kuwa tun ina yarinya launin katako nake so da shuɗi mai duhu, kuma ina da burin rataye faya-fayi da ƙoren da kakata ta ba ni a bangon falo. Sun ce zan ba su kunya a gaban dangin miji ranar ganin ɗaki. Gidan da za mu zauna na haya ne. Mene ne shawararki?

Amarya mai jiran rana, Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Kafin komai, kada ki ɗauki yayyenki a matsayin masu neman takura miki. A ƙasar Hausa jere magana ce da dangin amarya suke yi wa dangin ango ba tare da sun buɗe baki ba, wato suna nuna cewa 'yarsu tana da gata, kuma ba a gaji da ita ba. Abin da suke tsoro shi ne ranar da mata za su cika gidan, wannan ta buɗe durowa, waccan ta ɗaga labule, a koma gida ana ba da labari. Tsoron nasu yana da tushe, sai dai ganin ɗaki na mako guda ne ko biyu, ke kuwa za ki kwana ki tashi da kayan nan shekara da shekaru.

Yana da kyau ki san cewa jere bai taɓa rabuwa da yayi ba. Kakannin kakanninmu da ƙore da faya-fayi da akussa aka kai su. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna da su, sannan kwanonin langa masu fure-fure da kamfanonin Turawa suka riƙa shigowa da su suka mamaye ɗakunan amare. Aka yi zamanin kwalla da fanteka da samira, ana jera su hawa-hawa har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa a gefe. Shogilas ya zo da tangaran ɗinsa ya kore su, shi ma yau amare da yawa ba sa son jin sunansa. Ki tambayi mahaifiyarki inda samirunta suke. Mai yiwuwa suna sito, ko an raba wa 'yan uwa, ko kuma da su ake kai abinci gidan suna, alhali a ranar da aka jera su babu wanda ya yi zaton za a wayi gari ana yi musu kallon tsohon yayi. Kujerun ruwan toka ma hanyar da za su bi ke nan.

Abin da ya sauya shi ne sauri. A da yayi yana zuwa ne a kayan fatake da jakunkunan alhazai, don haka yakan daɗe har uwa da babbar 'yarta su yi tarayya a abu guda. Yanzu a Instagram da TikTok yake zuwa, kuma masu ɗora hotunan galibi 'yan kasuwa ne, waɗanda cinikinsu ba ya tafiya sai abin bara ya zama abin kunya a bana. Ban ga laifinsu ba, sana'a suke yi. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, komai na kayan ɗaki ya tashi, daga soso da yadin kujera har maƙallan ƙofar kabad, domin yawancinsu, ko kayan da ake haɗa su da su, daga waje ake shigo da su. Uban da ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki a wannan yanayi ba zai sake yi mata bayan shekara uku don launi ya sauya ba.

Sai mu zo ga fararen kabad ɗin. A hoto babu abin da ya fi su kyau, amma sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Mafi yawansu da allon MDF ake yi, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe fuskarsa, kuma babban abokin gabarsa ruwa ne. Da zarar famfon wanke-wanke ya fara ɗiga, ko mai goge ƙasa ta riƙa barin ruwa yana kwanciya a gindinsa, sai ya kumbura ya fara ɓarewa, kuma ba ya gyaruwa. Ki haɗa da ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da tartsatsin manja, da sawun yatsu wanda ƙyalli ba ya ɓoyewa. Karan-miski shi ma yana riƙe ƙura, yana da zafin zama a bazara, ruwan gwal na ƙafafun kuwa fenti ne da yake dusashewa. Ga kuma batun haya, wanda a ganina shi kaɗai ya isa ya raba gardamar: kabad da aka auna aka kafe a bangon wani ba ya yarda ya bi ki sabon gida, ko dai ki bar wa mai gida shi kyauta, ko a ɓalle shi ya lalace. Wadda take haya ta fi dacewa da kabad mai tsayuwa da ƙafafunsa, wanda za a ɗauka a sa a mota.

Saboda haka ki riƙe zaɓinki a kan manyan kaya masu cin kuɗi, wato gado da sif da kujeru da kabad, ki sa a yi su da busasshen katako mai kyau a launin da kike so. Ki sakar wa yayyenki ƙananan kaya, irin su labule da matasan kujera da kuloli da saitin faranti, su cika su da duk abin da ake yayi. Waɗannan ne ido yake fara sauka a kansu ranar ganin ɗaki, kuma su ne za ki iya sauyawa da kuɗin adashi ba tare da kin koma wurin mahaifinki ba. Faya-fayin kakarki kuwa ki rataye su, amma a tsare, a bango guda mai fili, yadda duk wanda ya gani zai san da gangan aka yi. Irinsu ne masu son ado suke saya a Kasuwar Kurmi ta Kano su ƙawata bango da su, kuma ba zan yi mamaki ba idan yayyen nan naki suka dawo suna neman irinsu.

Sai dai son rai ma ana gwada shi. Shuɗi mai duhu yana ƙara wa ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya duhu da ƙunci, musamman idan an ɗauke wuta, don haka ki je ki ga gidan da rana tsaka kafin ki yanke, ko ki taƙaita shuɗin a kujeru ki bar bango da haske. Ki ji ta bakin angon ma, tunda tare za ku zauna. Maganar kuma kada ki yi ta gaba da gaba da yayyenki, ki bi ta wajen mahaifiyarku ko wata gwaggo da suke jin nauyinta.

Tambaya ta biyu

Hajiya, barka da aiki. Ina gina gidana, an kai linta. Maiɗakina ta ga wani kicin a waya wanda babu bango tsakaninsa da falo, da teburin dutse a tsakiya, da murhun lantarki mai fuskar gilashi, ta ce irinsa take so. Mai zanen gidan ya goyi bayanta, ya ce haka ake yi yanzu. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ba na son ta ga kamar rowa nake yi.

Wani magidanci, Katsina

Amsa

Malam, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa rai aka yi wa. Hankalinka yana da dalilin ƙin kwanciya. Kicin da ya haɗe da falo ya samo asali ne daga gidajen Turai da Amurka, inda iyali ba su da yawa, baƙo ba ya zuwa sai da sanarwa, girkin kuma ba shi da yawan hayaƙi. Ka kwatanta da tukunyar gidanka: ana soya manja da albasa, a zuba attaruhu har na tsakar gida ya yi tari, a jefa daddawa, wata rana a soya kifi. Duk wannan a labule da soson kujera zai sauka ya zauna. Ka tuna da azumi, lokacin da ake girki uku ko huɗu a tare, da suyar naman layya wadda ake wuni ana yi. Sannan falon Bahaushe wurin baƙi ne, har da maza abokanka, kuma matar da take tuƙa tuwo cikin zafin Afrilu ba za ta so ta yi shi da mayafi a gaban baƙo ba. Magabata da suka sa zaure a gaba, madafa a can ciki, sun san abin da suke yi.

Murhun gilashin ma a bincika wane iri ne. Idan mai aiki da maganaɗisu ne, ba ya dafa komai sai a tukunyar da maganaɗisu yake kama gindinta, ke nan tukwanen alminiyum na maƙeranmu, waɗanda da su ake tuwo da dambu, ba za su yi aiki a kansa ba. Ga rashin tabbas na wuta, ga tsadarta, domin tun watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, naira 225 a kan kowane yunit kafin a ɗan rage daga baya. Gas ya fi dacewa ya zama babban murhu, a gina wa tukunyarsa ɗan ɗaki mai shan iska a waje, a ja bututu zuwa ciki. Kada a kulle ta a cikin kabad don kawai a ɓoye ta daga ido, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa. Dutsen saman tebur kuwa, giranit ya fi mabul juriya, saboda tsamin lemo da tsamiya da tumatir yana cin fuskar mabul, manja kuma yana shiga jikinsa ya bar tabo. Tsayin teburin ya kasance tsakanin santimita 85 zuwa 90, a daidaita shi da tsayin mai girkin, a kuma yi wani ɗan dakali mai ƙasa-ƙasa don babbar tukunya, a bar wuri mai daɓen siminti don turmi, tunda daka yana fasa tayil.

Duk da haka, kada ka je mata da wannan bayani kamar wanda ya ci gardama. Ka zauna ka tambaye ta abin da ya burge ta a hoton. Mata da yawa abin da suke gudu shi ne ƙuntataccen kicin mai duhu a ƙarshen gida, inda mace za ta wuni ita kaɗai ba ta ganin 'ya'yanta, ba ta jin hirar gida. Idan wannan ne, ana samun biyan bukata da faffaɗan kicin mai manyan tagogi biyu masu fuskantar juna, da ƙofa mai faɗi zuwa falon iyali wadda za a rufe idan an yi baƙi, da rumfar girki a bayan gida don gawayi da manyan tukwane. Teburin tsakiyar ma a yi mata idan fili ya isa a zagaya shi a sake. Ita ce za ta tsaya a wurin kullum, don haka a kan launi da tsarin durowoyi maganarta ce gaba da taka, gaba kuma da ta mai zane.

Tambaya ta uku

Ranki ya daɗe, kujeruna da gadona na katakon maɗaci ne, tun na aurena, kuma har yanzu ko motsi ba sa yi. 'Ya'yana sun ce in sayar in sayi na zamani, wai ƙawayensu suna yi musu dariya. In sayar?

Wata uwargida, Maraɗi

Amsa

Hajiya, kada ki sayar. Maɗaci busasshe irin na wancan lokaci yana da wuyar samu yanzu, kuma wanda zai saya a hannunki da araha gogewa kawai zai yi ya sayar da tsada. Yawancin na zamanin da za ki musanya da su allo ne da siraran katako a ciki, wani lokaci ma ɗanye, wanda hunturu ɗaya yake isa ya sa shi tsagewa. Ki kira kafinta mai amana ya duba mahaɗan da ƙafafun ko gara ta taɓa su, ya kankare tsohon fentin ya shafa sabo, a sauya soso a sa mai tauri. Yadin da za a lulluɓa kuwa ki tafi da 'ya'yan naki kasuwa su zaɓi kala uku, ke ki fitar da ɗaya a ciki, kuma ki tabbatar mai kauri ne wanda ake iya cirewa a wanke.