Amsar Goggo Kan Kai Sanarwar Rasuwa Gidan Rediyo

'Yata,

Saƙonki ya iso. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Abu biyu kika tambaye ni. Na farko, me ya sa da Baffanku ya rasu iyayenku suka dage sai an kai sanarwa gidan rediyo har da biyan kuɗi, alhali kafin a gama yi masa wanka labari ya karaɗe WhatsApp. Kika ce shin addini ne ya ce a yi, ko al'ada ce da zamani ya wuce ta. Na biyu, me ya sa har gobe a gidanmu idan aka fara labarai ake tsawata wa yara su yi shiru. Na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki yanke hukunci a ranki.

Ba farilla ba ce. Babu malamin da zai ce miki jana'iza ba ta inganta ba don ba a ji ta a rediyo ba. Amma sanar da mutuwa domin jama'a su taru su yi wa mamaci salla yana da asali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu, ya fita da su suka yi masa salla. Abin da aka hana shi ne irin shelar jahiliyya, wadda ake cika ta da kururuwa da alfahari da dangi.

Ta fuskar al'ada kuwa, tun kafin a san rediyo kowane gari yana da mai shela, wanda a wasu wurare ake kira Sankira. Shi ke bin kasuwa da unguwanni yana ɗaga murya, ya fara da cewa sarki ya gaishe ku, sannan ya faɗi saƙo: an ga wata, ko gobe akwai aikin gayya, ko ana cigiyar yaro ko saniya. Ba maganar kansa yake faɗa ba, kowa ya san wanda ya aiko shi, shi ya sa ake gaskata shi. Labarin mutuwa kuma 'yan aike ake tayarwa, wani a ƙafa, wani a keke, zuwa ƙauyukan da ke da dangi. Tun da mu ba ma ajiye gawa, sau da yawa kafin ɗan aike ya isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo a Kaduna a 1962, ga kuma ƙananan akwatuna masu batir sun fara shiga hannun talaka, sai aikin mai shela ya koma can. Muryar Kaduna a gajeren zango ba ta tsaya a Arewa ba, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi da Garwa suna kama ta. Daga baya jihohi suka yi nasu gidajen, sanarwa ta ƙara matsowa kusa da gida.

Ki saurari yadda ake tsara ta idan kin sake ji. Mai karantawa zai fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai sunan mamaci da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da unguwarsa, da shekarunsa. Sai a ce ya rasu ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza da jikoki, daga cikinsu akwai wane da wance. Sai lokacin jana'iza da wurin da za a yi, ko kuwa a ce an riga an yi masa sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada, ana zaman makoki a gida kaza. Can ƙarshe a ce sanarwa daga wane, a madadin iyalai. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi komai nauyi a wurina. Wani babba a gidan ya zauna ya rubuta a takarda, an karanta wa sauran manya sun yarda, an ba yaro ya hau babur ya kai, an sa suna. Idan akwai kuskure an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Saƙon waya kuwa wannan ya tura wa wancan, har a rasa wanda ya fara. Ke ma kin sha ganin an kashe mutum a waya yana zaune a gidansa yana cin tuwo.

Sannan ki duba su wa Baffanku ya yi rayuwa da su. Abokan cinikinsa na kasuwar hatsi, manoman da yake saye a hannunsu, Fulanin da ke rataye da rediyo a kafaɗa suna bin shanu, tsofaffin matan da suka yi goyonsa. Nawa ne cikinsu ke cikin zaurenku na WhatsApp? A zaman makokin na ga wani dattijo da ya taho daga ƙauye da ƙurar hanya a rigarsa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya kwance bakin aljihu ya fito da kuɗin buhun gero da marigayi ke bin sa, wanda babu ko ɗaya cikinmu da ya san da shi. A rediyo ya ji. Kin san a wurin jana'iza ana tambayar wanda ke bin mamaci bashi da wanda mamaci ke bi, domin ba a raba gado sai an sauke wannan nauyi. Wanda bai ji ba yaya zai zo ya faɗa?

Akwai kuma tsari na wa ya kamata ya fara ji. Uwa da mata da 'ya'ya da 'yan'uwa na jini ba a rediyo suke jin mutuwa ba. Ana tura musu babba ya je ya zauna, ya yi musu nasiha, sannan ya faɗa. Sai an tabbatar na kusa duk sun ji ake sakin sanarwa. Wannan shi ne abin da waya ta rusa mana, kuma yana ci mini rai ƙwarai. Yarinya tana ɗakin mijinta da tsohon ciki, ta buɗe waya ta ga hoton mahaifinta an rubuta Allah ya jiƙansa.

Inda na yarda da ke shi ne kan masu mayar da sanarwa talla. Ambaton 'ya'ya biyu ko uku yana da amfani, don mai sauraro ya gane wane gida ake nufi, sunaye suna kama da juna. Amma a jero muƙaman kowa, wannan kwamishina, wancan darakta, a yi ta maimaitawa mako guda, wannan ya koma alfaharin da aka hana. Kuɗin da a sadaka aka sa su da ya fi wa mamaci amfani. A wurin Baffanku ba a yi haka ba, an faɗi abin da ya kamata aka tsaya.

Maganar shiru lokacin labarai kuwa, ku kun taso a zamanin da ake mayar da magana baya a sake ji. Mu a wurinmu idan ta wuce ta wuce, akwati ɗaya ne a gida, batir kuma da tsada. Ga shi abin da ke fitowa daga cikinsa ba na wasa ba ne. Ina ƙarama, ranar Asabar 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi, na ga manya sun kewaye akwati babu mai motsi, ranar da aka kashe Sardauna. Haka ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe Murtala. Duk wanda ya rayu a shekarun nan, da ya ji kiɗan soja da sassafe gabansa ke faɗuwa. Ba na tashin hankali kaɗai ba. Da aka mayar da tuƙi hannun dama a 1972, da aka canza fam da sule zuwa naira da kobo a 1973, a rediyo aka yi ta yi mana bayani da Hausa har tsohuwa mai sayar da ƙuli ta san sule ɗaya kobo goma ne. Daren ganin wata ma har yau kunne na kan sanarwar Sarkin Musulmi. Kuma tarbiyya ce tun ta zamanin mai shela, ba a katse mai isar da saƙo. A bari ya gama, sannan a yi ta muhawara a tsakar gida ko a majalisa.

Mu mata da muke cikin gida mun fi kowa cin moriyar rediyo. Ana tankaɗe ana jin Jakar Magori, ana tsinkar zogale ana jin manya na amsa tambayoyi a Hannu Da Yawa. A wancan zamanin da yamma ga wasan Samanja, ga Zaɓi Sonka inda ake sayen kati a aika gaisuwa, amarya ta ji sunanta daga bakin ɗan'uwanta da ke ci-rani a Ikko ta yini tana murna.

Kada ki ɗauka ba mu san halin gidan rediyon gwamnati ba. Mun sani sarai duk wanda ke kan mulki shi ake yabo, abin da bai yi masa daɗi ba a tsallake. Shi ya sa kakanku idan ya gama jin na gida sai ya murɗa zuwa BBC, wadda ta fara Hausa tun 1957, ko Jamus ko Amurka, ya gwada maganar wannan da ta wancan. Amma mutanen Landan ba za su faɗa miki ranar rabon taki a ƙaramar hukumarku ba, ba za su yi cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa ba, ba kuma za su sanar da rasuwar Baffanku ba. Wannan aikin na gidan rediyon gida ne, ko na jiha ko masu zaman kansu da suka yawaita yanzu.

Ban hana ku tura saƙo a waya ba, yana da sauri, kuma ya sa mutane da yawa sun samu jana'izar. Ku dai jira manya su ce an gama sanar da na kusa. Akwai kuma hoton marigayi a gadon asibiti da aka ce mini yana yawo a zaurenku na dangi. Ke da kika san kan abin, ki yi wa wanda ya sa magana cikin lalama ya cire, matansa suna cikin takaba kuma suna gani.

Ki gaishe mini da maigidan da yaran. Allah ya jiƙan Baffanku, ya yi muku albarka.

Goggonki