Amsa: Wane ne ya raɗa sunan "Hanyar Siliki"?

Malam, ka tambayi wanda ya raɗa wa tsohuwar hanyar fatauci tsakanin Sin da Turai sunan Hanyar Siliki. Wanda ya yaɗa sunan shi ne Ferdinand von Richthofen, Bajamushe masanin duwatsu da labarin ƙasa, a littafinsa kan ƙasar Sin na 1877.

An haife shi a 1833, ya yi shekaru yana nazarin duwatsu a Kalifoniya, sannan daga 1868 zuwa 1872 ya zaga lardunan Sin yana duba ma'adinai, musamman kwal ɗin Shanxi. A ganina, aikinsa mafi nauyi ba sunan hanyar ba ne. Ya lura da rawayar ƙasa mai laushi da ta lulluɓe arewacin Sin, wadda manoma ke haƙa gidaje a cikinta, ya nuna cewa iska ce ta kwaso ƙurar daga busassun wurare ta jibge ta sannu a hankali. Duk wanda ya share ƙurar hunturu daga kan taga zai gane hujjarsa.

Daga baya ya koyar a jami'o'in Bon da Laifzig da Balin, inda ya rasu a 1905.